Masaukin Masu Kango

Ɗan kwangilar nan shi ya kashe iyalinsa, kada kowa ya ce mini ƙaddara.

Hukumar birni ce ta tashi gyara kangayen tsohuwar unguwa, don waɗanda haya ta gagara su samu wurin sa haƙarƙari. Aikin alheri ne. An ba gogan naka rabonsa, amma bai ishe shi ba, layin gaba ɗaya yake so. Sai ya nufi wurin boka.

Ɗakin bokan ba taga. Tsofaffin ƙyamare ne jingine da bango, kowanne da kwaɗo mai tsatsa. Boka ya yanka baƙin bunsuru a kan ɗaya, jinin ya bi ramin makulli ya shige, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba.

"Layin naka ne," in ji boka. "Amma kowane kango da masu shi. In ka tashe su, ina za su sauka?"

"Ina ruwana? Ni dillali ne?"

"Ba sa tashi sai da masauki."

Ya duba agogo, ya yi dariya. "To, gidana gidansu ne."

"Da bakinka ka faɗa?"

"Haba, maganar fatar baki ce."

"Su ba su san fatar baki ba."

Kwangila ta faɗo masa. Sabon rufi, fenti, famfo, yara suna ƙwallo a layin da ko akuya ba ta bi. Ya ɗora bene, ya sayi mota.

Ranar da aka buɗe gida na farko a layin, yana komawa gida matarsa ta ce, "Maigida, baƙin nan naka ba sa cire takalmi ne?"

"Waɗanne baƙi?"

Ta nuna kujeru, ba kowa a kai. Kafin wata ya mutu, an kai ta makwancinta. Babban ɗansa ya koma kwana a tsakar gida, wai an cika masa gado. Nan aka tsinci gawarsa. 'Yar autarsa ta kama jera faranti tana cewa, "Ku yi haƙuri, ana ƙarowa."

Mahaifiyarsa ta riƙe masa riga. "Kai, don Allah bar aikin nan, ka ceto mini jikata!"

"Inna, saura kaɗan a gama."

Kun ji fa! Mai haɗama ko kabari ya gani, cewa zai yi filin gini ne. Ya gama layin, ya binne autar, ya binne tsohuwar.

Yau unguwa ta rayu. Shi kuwa yana bakin ƙofarsa tsirara, yana sallama, ba a ba shi izinin shiga. Hukuma ta sa benensa cikin kangaye, kuma babu maginin da ya yarda ya taka shi.