Lungun da Ke Kan Takarda

Yammacin da abin ya fara, babu abin da ya bambanta shi da sauran. Rana ta yi ja ta sauka bayan tankin ruwa, uwar gidan tana kwashe shanya daga igiya, Auta kuwa tana ɗakinta tana guge kayan makaranta. Maigidan yana sama, a ofishinsa, inda yake zana wa mutane gidajen da za su gina. Duk unguwa Injiniya ake ce masa, shi kuwa ba ya gajiya da gyarawa. "Ni mai zane ne," yakan ce. "Injiniya rodi yake ƙirgawa, ni gida nake haifa."

Sai aka ji ƙarar dutse a ɗakin Auta. Uwar ta tsaya da zane a hannu. Aka sake, aka sake, aka kuma sakewa, sau huɗu, sannan gidan ya yi tsit, har tsuntsayen da ke kan katanga suka daina kuka.

Ta tarar da yarinyar a tsaye, dutsen guga a hannunta, rigar da ke ƙarƙashinsa tana hayaƙi. Tagar a rufe take, gilashi bai fashe ba. Amma ga duwatsu huɗu a kan tayil, kowanne kamar dunƙulen hannu, da jar ƙasa mai laima a jikinsu. Biyu sun jingina da bangon baya, ɗaya a kowace kusurwa. Biyu sun shigo cikin ɗaki kamar taku biyu, sun tsaya daidai da juna, sai ka ce da igiya aka auna su.

"Mama, daga ina?"

"Kashe wutar nan, rigarki ta ƙone," uwar ta ce.

Maigidan ya sauko da fensir a bayan kunne. Ya ce yaran maƙwabta ne. Matarsa ta nuna masa tagar, ya ce to ta ƙofa suka shigo. Ya kwashe duwatsun ya zubar a waje. Amma ta lura ya daɗe yana kallon inda biyun nan na tsakiya suka zauna, har ya sa ƙafa ya goge ƙasar da suka bari.

Gidan nan shi ne abin alfaharinsa. Da hannunsa ya zana, shi ya tsaya a kan ginin tun daga harsashi har fenti, kuma duk wanda ya zo neman zane sai an zagaya da shi ɗaki ɗaki. A falo ya rataye babbar takardar zanen cikin gilashi, da hatimin ofishin da ke ba da izinin gini a gindinta. Uwar ba ta yi zurfi a boko ba, layukan nan ba ta gane su. Goge ƙurar gilashin kawai take yi duk safiya.

Washegari da almuru duwatsun suka dawo, a wurarensu na jiya. Rana ta uku ma haka. A ta huɗu Auta ta ce tana jin ana wucewa ta kan ƙafafunta idan ta kishingiɗa, kamar mutane masu yawa suna tsallake ta ɗaya bayan ɗaya, wasu ma ba sa tsallakewa, takawa suke yi. Gadonta kuwa, inda take sa kai yana wajen ƙofa ne, inda take miƙe ƙafa yana wajen bangon baya. Uwar ta ce a janye gadon. Maigidan ya ce a jikin bango aka kafa shi, da katakon da ya zaɓa da kansa, ba za a ɓata masa tsari saboda mafarkin yarinya ba.

Rana ta bakwai, bayan an idar da sallar magariba, uwar ta leƙa ta ga Auta zaune a tsakiyar gado, bayanta a miƙe kamar an sa mata sanda. Idanunta a buɗe, amma ba ita ce a cikinsu ba.

"Auta?"

"Ku matsa," bakin yarinyar ya ce, da murya irin ta tsohon da ya daɗe bai sha ruwa ba. "Kun tare hanya."

A guje ta hau sama, ba takalmi, ba mayafi. Maigidan ya ce asibiti. Aka je, aka yi hoto, aka ɗebi jini, likita ya ce bai ga komai ba. Sai da ta durƙusa masa a ƙasan ofishinsa tana riƙe da ƙafar tebur, sannan ya yarda a kira malam.

Malamin dattijo ne siriri, mai ƙaramar murya, ba ya ɗaga kai sosai. Ya iso rana tana shirin faɗuwa. Bai nemi komai ba sai ruwa a kofi da tabarma. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakin ya fara karatu a hankali, haske yana janyewa daga taga kaɗan kaɗan. Uwar tana tsaye ta dafe bango. Maigidan ya harɗe hannu a ƙirji, ya tsaya a baya kamar wanda ya zo kallon aikin wani.

Duwatsun suka faɗo. Auta ta miƙe zaune.

"Wane ne kai?" malam ya ce.

"Mai wucewa."

"Me yarinyar nan ta yi maka?"

"Ba ta yi mini komai ba. A kan hanya na same ta."

"Wannan ɗakin kwana ne, ba hanya ba."

Bakin Auta ya yi wata dariya marar daɗi. "Malam, kai ka iya karatunka, mu ma mun iya namu. A ɗauko takardar falo."

Babu wanda ya motsa. Uwar ce ta je ta ciro ta daga ƙusa, ta kawo da gilashinta. Yatsan Auta ya sauka a kan wani siririn fili tsakanin layi biyu, a bayan gidan.

"Mai gida, faɗa wa matarka mene ne nan."

Maigidan ya kawar da kai. Malam ya juyo ya dube shi, karo na farko.

"Lungu ne," maigidan ya ce daga ƙarshe. "Mita ɗaya da rabi tsakanin bango da katanga. Don iska da haske da magudanar ruwa. Doka ce ta sa ake bari."

"Ina yake yanzu?" muryar ta ce.

"An ɗan yi gyara lokacin gini."

A nan abin ya faɗo wa uwar a rai. Ta tuna tsohon maginin da ya haƙa musu harsashi. Yana da wata ɗabi'a da maigidan yake yi wa dariya: duk filin da zai fara aiki, sai ya shimfiɗa takardar zanen a ƙasa da yamma, ya danne kusurwoyinta da duwatsu huɗu, ya bar ta ta kwana. In aka tambaye shi sai ya ce, wanda ya riga ka zama a wuri ya kamata ya ga abin da za ka yi masa. Da safe in ya tarar da duwatsun ba su gusa ba, sai ya sa diga. Ta tuna kuma ranar da aka fara ɗora bulo, ita da bakinta ta ce ɗakin Auta ya yi ƙanƙanta, yarinya tana girma, ina za ta sa gado da madubi. Maigidan ya ce wannan ai abu ne mai sauƙi, ya sa aka tura bangon baya har jikin katanga. Tsohon maginin ya ce a sake zana takarda a sake kwanar da ita. Maigidan ya ce ba zai koma ofishin izini ya yi wata uku yana jira saboda taku biyu ba. Ran nan tsohon ya naɗe igiyarsa ya tafi, bai sake dawowa ba.

"Mun karanta," muryar ta ce. "Dukanmu muka taru muka duba. Muka ga an bar mana hanya, muka bar duwatsun inda suke. Ba mu gusar da ko ɗaya ba. Sai muka dawo muka tarar da bango. Shekara uku muna zagayawa, tsofaffinmu sun gaji. Yanzu ta ciki muke bi."

"Ka ji tsoron Allah ka fita daga jikinta," malam ya ce. "Laifin wani ba ya hawa kan wani."

"Zan fita. Ba daɗin zama nake ji ba, jikin yara zafi gare shi. Amma abin da aka ajiye a kan hanyarmu namu ne. Kanta da ƙirjinta suna ɗakinku, ba mu taɓa ba. Daga ƙugu zuwa ƙasa a lungunmu suke kwana."

Uwar ta zube a ƙasa. "Ka ɗauki nawa," ta ce. "Ni na ce a faɗaɗa."

"Ba ke kika sa hannu a takarda ba."

Malam ya ci gaba da karatu, ya ɗaga murya, ya yayyafa ruwa. Jikin Auta ya yi ta karkarwa har katakon gadon yana ƙara. An daɗe ana haka, gumi ya jiƙe rigar dattijon, sannan muryar ta sauko.

"Saboda kai, malam, na ba da almuru uku. A mayar da bango inda takarda ta ce, mu mayar da abin da muka riƙe. In na uku ya wuce, mun bar gidan har abada, ba dutse, ba magana. Amma da kayanmu za mu tafi."

Auta ta yi atishawa sau uku ta koma ta kwanta. Da ta buɗe ido, ita ce. Ta ce tana jin ƙishirwa. Ta yunƙura za ta sauko, sai ta dubi ƙafafunta ta dubi uwarta.

"Mama, wa ya danne ni?"

Malam yana sa takalmi a ƙofar gida ya ce wa maigidan, "Nawa aikin ya ƙare. Sauran na guduma ne."

Da safe uwar ta hau sama da shayi. Ta tarar ya baje takardu a tebur. Ta yi murna, ta ɗauka shirin rushewa yake.

"Baban Auta, yaushe masu aikin za su zo?"

"Kin san abin da ke kan bangon nan?" Bai ɗago ba. "Ginshiƙai biyu ne a cikinsa. Su suke ɗauke da dekin. Inda kike tsaye yanzu, a kansu kike."

"A tokare da ƙarfe mana. Na ga ana yi."

"Kin ga ana yi." Ya ajiye fensir. "In zan taɓa ginshiƙi sai na nemi izini. In na nema, za su zo da tsohuwar takarda su auna. Su ga mai zane ya cinye lungun doka a gidansa, ya rataye shaidar a falo. Wa zai sake ba ni ko kejin kaji in zana?"

"To a yi ba izini. Da can ma ai ba ka nema ba."

"Unguwa ba makafi ba ne."

"Ƙafafunta ne fa."

"Jijiya ce. Zan kai ta wurin babban likita." Ya ɗauki shayin ya kurɓa. "Kuma ki riƙa tunawa da wanda ya ce ɗakin ya yi ƙanƙanta."

Ta so ta yarda cewa da gaske bai gaskata ba, da ya fi mata sauƙi. Amma a rana ta biyu da azahar, Auta tana barci, ta hango shi ta ƙofa. Ya ja tef ɗin awo daga bangon baya a kan bargo, a hankali, don kada ya tashe ta. Ya tsayar da babban yatsa a mita ɗaya da rabi. Yatsan ya sauka daidai ƙugunta. Ya daɗe a haka, sannan ya saki tef ɗin ya naɗe kansa, ya sa a aljihu ya hau sama.

A rana ta uku ta nemi tsohon maginin, aka ce ya rasu bara. Ta kira wasu masu aiki biyu, maigidan ya sallame su a bakin ƙofa. Da la'asar ta ɗauko ƙaramar gudumar da ake kafa ƙusa da ita, ta shiga ɗakin ta fara dukan bangon. Fenti ya zuba, shafe ya zuba, ta kai ga kankare. Simintin gidan nan ba a yi masa rowa ba. Auta tana kwance tana kallonta.

"Mama, bari, hannunki jini yake."

Ba ta bari ba. Tana cikin duka hasken taga ya koma ja, ya koma toka. Ta ji iska mai sanyi ta wuce ta bayanta, doguwa, kamar jerin mutane suna fita. Ta tsaya tana jiran ƙarar dutse, ko guda ɗaya, ba ta ji ba. Ramin da ta yi bai fi tafin hannu ba.

Tun daga ranar gidan ya zauna lafiya. Maƙwabta suka yi ta barka, suna yaba malamin.

Bayan sati biyu maigidan ya kira ta sama. Fuskarsa a sake, irin yadda take yi in aiki ya yi masa kyau. Ya shimfiɗa mata sabuwar takarda. Ya nuna mata inda za a faɗaɗa ƙofar ɗakin Auta da ta banɗaki, inda za a kafa ƙarfen dafawa, da gangaren da zai maye gurbin matakalar baranda, don keken guragun Auta ya riƙa hawa ba wahala.

"Dubi gangaren nan," ya ce. "Ko ita kaɗai za ta iya tura kanta. Wannan karon sai da na kai aka buga hatimi."

Ta dubi hatimin, ta juya ta sauka.

Har yanzu in rana ta sauka bayan tankin ruwa, takan ɗauki gudumar ta shiga ɗakin. Auta ta daina hana ta, sai dai ta juya keken ta fuskanci ƙofa. Da safe kuma, kafin masu neman zane su iso, maigidan yakan sauko da ɗan kwanon siminti ya shafe wurin da kansa, ya bi da fenti, har ba ka gane an taɓa.