Mai Raɗa a Ramin Dandali

Ni ko lambar wayata ba na iya riƙewa, don haka ba zan yi wa Anselmo dariya ba. Shekara talatin yana wasan kwaikwayo a garin Matanzas, bai taɓa haddace layinsa ba. Abin da mai raɗa ya faɗa daga ramin gaban dandali shi yake maimaitawa da ƙarfi, a tafa masa.

Ana gobe sabon wasa, darakta ya ce in ya sake kakarewa, a bakin aikinsa. Sai Anselmo ya roƙi Hilario, mai raɗar, su yi bita bayan kowa ya watse.

Da Anselmo ya iso dandalin da daddare, ƙwan fitila ɗaya ke ci. Ya ji motsin takarda a ramin.

"Tsohon ɓera, yau ka riga ni? To, ba ni."

Muryar ta riƙa ba shi, layi bayan layi, ba ta jan numfashi. Warin jiƙaƙƙiyar ƙasa na tasowa, sanyi na lasar idon sawunsa.

"Na gaji da jikin nan," in ji muryar.

"Na gaji da jikin nan!" Anselmo ya kwarara, har da dafe ƙirji.

"Mai so ya shigo."

Bai tuna wannan a wasan ba, amma yaushe ya taɓa tuna wani abu? Ya faɗa.

Takardun suka yi tsit. Ƙofar titi ta buɗe, Hilario ya shigo yana kakkaɓe ruwan sama, littafin wasan a hammatarsa.

"Yi haƙuri, mutumina, bas ce ta makara."