Farin Tabo a Kuncin Badamasi

Shekara uku bayan ƙasar Dahome ta samu 'yancin kai, wata safiyar Laraba, Tasalla na zaune a tsakar gidansu da ke unguwar Titiru ta garin Paraku, tana daka taba da kanwa a ɗan turmi. Aikinta ke nan kullum tun da ta auri Badamasi, malamin da ke rubuta kayan da jirgin ƙasa ya sauke a tasha. Shi ba ya sayen tabar kasuwa. Ya ce duk Borgu babu mai hannun matarsa.

"Tasalla, jirgin Kwatano zai riga ni zuwa fa!"

"To ya jira mana, Malam. Wa ya isa ya sauke buhu ba alƙalaminka?"

Ya yi dariya, ya kai ƙosai mai yaji baki. Nan take ya runtse ido, ya dafe kunci.

"Buɗe in gani."

"Ba komai, *ça va*."

"Ni ban san sava ba. Buɗe!"

Ta juya fuskarsa wajen haske. A cikin kuncin hagu, daidai inda yake ajiye taba, ga wani farin tabo kamar an ɗiga kindirmo. Ta goga da bakin zane, bai fita ba.

Sai da ta yi kwana tara tana naci kafin ya yarda suka je asibiti. Likitan ya daɗe yana dubawa, sannan ya sa wata ma'aikaciya mai jin Hausa ta fassara, don matar ma ta ji da kunnenta. Ya ce wannan bai zama sankara ba tukuna, amma ƙofarta ce. Tabar da yake cusawa ce ta ƙona wurin. Ya bar ta daga yau. In tabon ya yi kauri ko ya yi ja, sai babban asibitin Kwatano, a yanke shi.

A hanyar gida Tasalla ta fashe da kuka. "Da hannuna! Shekara huɗu ina daka maka ciwo da hannuna!"

"Haba, Tasalla. Ni na buɗe baki, ba ke ba."

Ta kife turmin. Mako uku Badamasi na fama: kai na sarawa, abu kaɗan sai faɗa. Ita kuwa ta cika masa aljihu da aya da dabino, in ya yi tsawa ta shanye. Har ya fara samun sauƙi, sai Babbar Salla ta zo, suka hau kamiyo, wato babbar mota, zuwa garin Zugu, gidan iyayensa.

Gidan na fataken goro ne tun kaka da kakanni, kuma tun farko ba su so auren ba, don uban Tasalla, Jatau, mahauci ne. Uwar Badamasi, Inna Ummuhani, ita ce mai maganin haƙori a unguwar. Duk wanda baki ya dama, wurinta yake zuwa ta danna masa taba da jar kanwa, zafin ya lafa. Badamasi kuma shi ne autanta.

Washegarin Salla, gida cike da dangi, ta dube shi ta ce, "Autana, me ya ramar da kai haka? Yayanka ya miƙo maka batta ka kau da kai, kamar wanda aka miƙa wa garwashi."

Ya gaya mata abin da likita ya ce. Ta leƙa bakin, ta yi tsaki.

"Wannan ɗan abin? Rashin taba ne ya sa ya ƙi warkewa. Ku miƙo mini battata."

Ta ɗebo da yatsu biyu, ta nufi bakinsa. Tasalla ba ta san lokacin da ta tashi ba. Sai ganinta aka yi ta riƙe wuyan hannun surukarta.

"Inna, don Allah! Ita ce ciwon!"

 Garin taba ya zube a kan tabarma.

"La'ilaha illallahu! Ni kika riƙe?" in ji tsohuwar. "Shekara arba'in ina warkar da bakin mutane. Ke kuwa wuƙa kike so a sa wa ɗana. Ba laifinki ba ne, a gidanku abin da aka iya ke nan!"

Usuman, babban yayan Badamasi, ya miƙe. "Kai, yau za mu gani. Uwarka ce ta haife ka, ko 'yar mahauta?"

Tasalla ta durƙusa, ta ɗaga ido ta dubi mijinta. Kalma ɗaya take jira. Badamasi ya dubi uwarsa, ya ga hawaye a idonta. Ya sunkuyar da kai, sannan a hankali ya buɗe baki.

Kafin la'asar an sa Tasalla a kamiyo. Ba a ce an sake ta ba. An ce ta je gida ta koyi ladabi. Shi kuma uwarsa ta riƙe shi a Zugu, wai sai ya warke.

Wata bakwai ta yi a gidan ubanta a unguwar Kpebiye ta Paraku. Ba wasiƙa, ba saƙo. Duk fataken da suka zo daga Zugu sai ta aika a tambaye su, a ce mata yana nan, yana taya Usuman tsintar goro.

Wata rana Jatau ya kira ta. "Uwata, ramar nan ta isa. Gobe in aika a karɓo miki takardarki. Mutumin da bai iya buɗe baki ya kare ki ba, me kike jira wurinsa?"

"Baba, ka yi mini haƙuri. In na tafi, duk wanda ya rage gare shi da taba zai nuna masa so. Ni kaɗai na ji abin da likita ya ce."

Jatau ya ce, "Allah Ya ba ki abin da kike jira."

Wata ranar Asabar da hantsi aka yi sallama. Tasalla ta fito da ludayi a hannu, ta ga Inna Ummuhani tsaye, ƙafafunta duk laka. A bayanta ga Badamasi, ya naɗe rawani har baki, ya zama kamar karan dawa.

Ba gaisuwa. Tsohuwar ta ce, "Tabon ya yi ja. Kullum ina sa masa taba, kullum yana faɗi. Jiya na ga jini." Sai ta fara durƙusawa a gaban matar ɗanta.

Tasalla ta jefar da ludayin, ta tare ta. "Inna, a'a! Kada ki ja mini alhaki!"

"Ke kika san hanyar likitan, 'yata. Ki kai shi."

Badamasi ya sauke rawanin. "Tasalla, *pardon*... ban da bakin da zan..."

"Rufe, iska na shiga. Magana sai mun dawo."

Washegari suka hau jirgi su uku. A Kwatano aka yanke wurin. Likitoci suka ce da sun ƙara wata biyu, da ba wuƙar da za ta ci masa. Amma abin da da farko bai fi ƙwayar gyaɗa ba, sai da ya ci rabin kuncin. Bakin ya karkace, ba ya buɗuwa fiye da yatsa biyu. Badamasi ya rayu shekara ashirin da shida bayan haka, suka haifi 'ya'ya huɗu, amma har ya koma ga Allah bai sake iya kiran sunan matarsa daidai ba. Ita kuwa ba ta taɓa barin ya kira sau biyu ba.

Inna Ummuhani ta daina ba da magani. Duk wanda ya zo mata da ciwon baki sai ta ce, "Je ka asibiti," ta juya fuska bango. A ɗakin Tasalla ta yi jinyarta ta ƙarshe.

Yara, ku riƙe wannan. Uwar nan ba mugunta ta yi ba, so ne da rashin sani. Ɗan kuma biyayya ya yi a inda ya kamata ya durƙusa ya faɗi gaskiya. Taba ba magani ba ce, kuma farin tabon da ya ƙi goguwa a baki ba a jira da shi. Haƙuri ya mayar wa Tasalla da mijinta, amma bai mayar masa da abin da wata bakwai suka cinye ba.