Wilin da Ya Ƙi Lalacewa

Ranar da Tela ya fara ganin Auta, ba shi ne a kan keke ba, keken ne a kansa. Ya saɓo shi a kafaɗa yana haki, wilin gaba ya lanƙwashe kamar murfin tukunyar da mota ta taka.

Likita ne ya ja masa. Ya ce zaman ɗinki ya tara masa teɓa, ya nemi abin motsa jiki. Shi ne ya sayi keken hawan dutse na hannu, ya shiga ƙungiyar masu hawa tsaunin bayan gari. Ramin farko ya gama da wilin.

A shagon gyara ya tarar da wata budurwa mai suna Auta ta kafa wili a gabanta tana juyawa. Tana taɓa sifok, siraran wayoyin nan da ke riƙe da wili, tana karkata kunne tana jin amonsu.

"Sannu da aiki. Mai shagon fa?"

"Baba ya fita. Me ya sami wannan bawan Allah?"

"Faɗuwa na yi, amma ban ji ciwo ba."

"Keken nake nufi."

Tela ya yi dariyar yaƙe. Ya ce ya leƙa babban shagon Ɗan Gayu, an nuna masa wilin da sai ya sayar da keken ɗinkinsa kafin ya saya.

"Waɗancan na 'yan tsere ne, masu neman rashin nauyi." Ta dube shi sama da ƙasa. "Kai kuwa ƙarfi kake buƙata."

Ta zaro rim na hannu mai kauri daga bango, wato zoben ƙarfen da taya ke hawa, ta samo tsohuwar cibiyar wili mai lafiya, ta ce sifok ne kawai ba a yi wa rowa, sabbi za ta sa, kuma da yawa. Ta ce gara a sake har na baya, tunda shi ke ɗauke da lodin. Tela bai fahimci ko rabi ba. Idonsa na kan ɗigon baƙin mai da ke kumatunta.

Da ya karɓi keken, kafin ya isa gida ya tura saƙo:

"Injiniya, keke ya iso lafiya. Mai keken ne dai ya bar wani abu a shagonku."

"Na duba, ban ga komai ba. In zuciya ce, ba ma ajiyar kayan da ba mu da sifanarsu."

Ya yi ta karantawa har sai da ya ɗinke wa wani aljihun wando ruf.

Matsalar ita ce aikin Auta ya yi kyau fiye da kima. Ya faɗa rami, ya hau dutse, wili ko gezau. Ba shi da dalilin komawa, ga Baba ba ya son masu zaman banza a bencinsa. Wata safiya sai Tela ya ɗauki filaya ya sassauta sifok.

Ya sami abin da yake so. Ta gyara, suka sha hira, ta fara kiransa Mai Allura, shi kuma Autata. Mako na zagayowa ya sake. Ya kuma sakewa.

Abin da bai lura ba, duk zuwansa sai murmushin Auta ya ragu. Ta kan tsaya ta daɗe tana kallon hannuwanta.

Shi kuwa Ɗan Gayu ya daɗe yana neman aurenta, Baba ma ya karkata gare shi, don yaro ne mai gaisuwa har ƙasa da babban shago. Da ya ga keken Tela kullum a wurin gyara, sai ya bi 'yan ƙungiya yana cewa arha ba ta ado, aikin yarinyar nan ba ya kai mako. Shugaban ƙungiya, wanda ya yi niyyar ba ta haɗin wilin mutanensa duka, ya janye.

Ranar da asiri ya tonu, Auta ce ta ga sawun haƙoran filaya a kan sifok, ga jan zaren ɗinki ya naɗe a wurin. Ta gyara wilin, ta aika masa da kekensa. Saƙonta ya same shi yana yanka yadi:

"Mai Allura, na daina barci ina zargin hannuna, ashe hannunka ne. Kada ka sake zuwa."

"Autata, wallahi so ne ya ja. Ganinki kawai nake nema."

"Da ka ce kana sona, ai kyauta ne."

Ya tattara ƙarfin hali ya je wurin Baba, ya tsuguna ya faɗi laifinsa da kuma nufinsa. Tsohon bai ko ɗago daga facin da yake yi ba.

"Yaro, wanda ya ɓata aikin 'yata don ya ga fuskarta, gobe gida zai cinna wa wuta don ya ga gudunta. Ai ba laifinka ba ne. Ka saba taka keken da ba ya zuwa ko'ina."

Tela ya koma gida ko abinci ya kasa ci, abin da ya tayar wa mahaifiyarsa hankali ƙwarai, don ba ta taɓa gani ba. Da ta ji labari ta ce, "A gaban mutane ka zubar mata da mutunci, a gabansu za ka kwashe."

Ran Asabar, a ƙwanƙolin tsauni, ya tsaya gaban 'yan ƙungiya ya faɗi gaskiya. Aka yi ta dariya. Ɗan Gayu ya gyara gilashinsa ya ce, "Daɗin baki ne. In wilin na ƙwarai ne, ka sauka ta hanyar duwatsu mu gani."

Tela bai taɓa bin hanyar nan a kan sirdi ba, kullum turo keken yake yi. Ya leƙa ƙasa. Can gindin tsauni ya hango Baba da Auta, waɗanda mahaifiyarsa ta je da kanta ta roƙo su zo. Ya yi bismilla ya saki birki.

Waɗanda suka gani sun ce ba su taɓa ganin jarumta irin wannan ba. Gaskiyar magana, tsoro ne ya sa ya manta inda birkin yake. Keke na tsalle daga dutse zuwa dutse, shi kuma yana neman gafarar duk wanda ya taɓa yi wa alkawarin ɗinki. A ƙarshe suka rabu, keke ya yi dama, Tela ya yi hagu cikin kwatami.

Baba ne ya fara isowa. Ya wuce Tela, ya ɗaga keken, ya juya wilin gaba, ya juya na baya, ya kanne ido ɗaya. Suna tafiya sak, ba ko rawa. Ya miƙa wa Shugaba ya gani da idonsa, sannan ya waiwayo.

"Wili lafiya lau. Kai fa?"

"Baba, ina jin hannuna ya karye."

Auta ta durƙusa kusa da shi, tana kuka tana dariya, tana share masa laka da gefen mayafinta.

"Wawa kawai. Wa ya ce ka kashe min kanka?"

"Kin yafe?"

"Sai ka warke zan yanke hukunci, Mai Allurata."

Baba ya yi gyaran murya. "To, wauta dai akwai ta, amma ba munafunci. Ka turo manyanka."

Shugaba ya dawo da aikin tun a wurin. Ɗan Gayu kuwa ya tuna yana da baƙi a shago.

Aka ɗaura aure hannun ango bai gama warkewa ba. Ya rantse ba wanda zai ɗinka kayan amaryarsa sai shi, don haka hannun rigar na hagu ya ɗara na dama tsawo. Auta ta sa abinta haka nan, ta ce duk mai magana ya kawo mijin da ya fi nata.

Da za su tafi, Baba ya dafa kansu.

"Ga ta nan, ita ce autata kuma ita ce hannun damana. Ka riƙe min amana. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka, masu hankalin uwarsu."

Jama'a suka ce amin. Ta mahaifiyar ango ta fi ta kowa ƙarfi.