Makon da Dalton Ya Kau da Kai

Riguna shida ne a shimfiɗe a kan gadon Marlee, kowace da 'yar takardar ranar da za a saka ta. Mahaifiyarta Corinne ce ta goge su da hannunta. Kaka Opal, uwar Corinne, tana zaune a bakin taga da kofin shayinta mai ƙanƙara, ta zuba musu ido.

"Momi, ni fa har yanzu kaina a ɗaure yake," in ji Marlee. "Ni zan zaɓe su, ko su za su zaɓe ni?"

"Duka biyun! Ke dai ki yi murmushi, ki daina wannan tsayuwar kamar an aiko ki!"

Washegari za a fara makon zaɓe a jami'ar jihar, inda sabbin ɗalibai mata ke zagaya gidajen ƙungiyoyin 'yan'uwantaka. Kowane gida da sunansa na haruffan Girka, amma da launin ƙofa ake kiransu. Corinne 'yar Gidan Jar Ƙofa ce, Kaka Opal ma haka. Tun Marlee tana cikin zanin goyo aka gama yanke mata inda za ta, ita ce kawai ba a tambaya ba.

Corinne ta buɗe wani ɗan akwati, ta nuna mata bajon zinariya na gidan. "Ranar da aka rantsar da ke, ni zan maƙala miki shi. Amma ki ji da kyau. 'Yan Jar Ƙofa daga gidan ƙungiyar samarin da ke tsallaken titi suke aure. Wannan yaron naki mai warin turken shanu ba shi da wuri a can."

"Dalton ne fa, Momi! Likitan dabbobi yake karanta!"

"Ko likitan giwaye ne! Wace ƙungiya yake ciki? Babu!"

Marlee ba ta gama share hawaye ba ta ji ƙarar tsohuwar motarsa a waje. Kafin ta sa takalmi, Corinne ta riga ta sauka. Da Marlee ta isa taga maganar ta zo ƙarshe, ta dai hango uwar tana magana tana kaɗa yatsa, shi kuma ya cire hula yana gyaɗa kai. Daga nan ya shiga mota ya tafi, ko ɗaga ido sama bai yi ba.

Makon nan kuwa Allah ya sawwaƙe. Kowace safiya ana karɓe wayoyi, a jera 'yan mata fiye da dubu a rana. Ƙofa ta buɗe, 'yan gida su cika bakinta suna waƙa suna tafi har kunne ya toshe. A ja ki ciki, a ba ki ruwan sanyi, a tambaye ki garinku da abin da za ki karanta. Minti ashirin, a fito da ke, gida na gaba ma haka. A rana ta biyu Marlee ta gaya wa wata yarinya sunan garinsu sau biyu, ta kira wata da sunan wata. Ga kuma dokar da kowa ya sani: har a buɗe ambulan ɗin sakamako ranar Asabar da sha biyun rana, ba a ganin mai neman shiga tare da saurayi.

Doka ta hana haɗuwa, amma ai ba ta hana saƙo ba. Kullum da yamma in an mayar mata da waya sai ta duba, ba komai daga Dalton. Ta rubuta masa sau uku, shiru.

Ranar Laraba suna layi a bakin titi sai ga shi ya fito daga ajinsu. Idonsu ya haɗu. Ta ɗaga hannu — sai ya kau da kai, ya tsallaka ɗaya gefen! A ranar, da jajayen idanu ta shiga gidaje huɗu, tana murmushin dole.

Na ƙarshe a jerin ranar ba gida ba ne ma. Rumfa ce a kan ciyawa bayan ɗakin karatu, ta sabuwar ƙungiyar da aka kafa bara saboda ɗalibai sun yi wa tsofaffin gidajen yawa. Su goma sha tara ne kacal, waƙarsu ma ba ta gama zauna musu a baki ba. Shugabarsu Imani ta dubi fuskar Marlee, ta ajiye takardar tambayoyi.

"Ke, kuka kika yi. Zauna ki cire takalman nan, ba mai gani. Mu ko ƙofar da za mu yi miki tafi a bakinta ba mu da ita."

Marlee ta yi dariya, karo na farko a makon.

Ranar Juma'a aka rage mata ƙungiyoyi biyu: Jar Ƙofa da 'yan rumfa. A Jar Ƙofa an shimfiɗa fararen furanni, wata mai suna Blair ta riƙe hannunta tana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke ai tamu ce tun daga kaka. Kuma kada ki damu da batun kaboyin nan, mominki ta kira mu ta ce an gama."

"An gama me?"

"Ah-ah! Ba ke kika sallame shi ba?"

Marlee ta fito ba ta san ta ina ta bi ba. Da la'asar za a cike katin zaɓe, kuma abin da ka sa wa hannu ya ɗaure ka shekara guda. Corinne ta riga ta turo saƙo: "Jar Ƙofa kaɗai za ki rubuta." To in ta rubuta, ta rasa Dalton. In ba ta rubuta ba, ta ɓata da uwarta a kan mutumin da ko kallonta ba ya son yi. Ta rasa tudun dafawa, ta kira Kaka Opal tana shessheƙa.

"Kaka, ban san abin da nake yi ba! Kowa ya san abin da nake so sai ni!"

"Yi shiru, jikalle. Me uwarki ta ce wa yaron nan ranar Lahadi, kin sani? Ni ina bakin taga, kunnena ƙalau. Cewa ta yi in ya kira ki, ko aka gan shi kusa da ke, duk gidajen za su soke sunanki, kuma ba za ki taɓa yafe masa ba. Shi kuma sakarai ya ce, 'To Mama, zan jira.'"

Marlee ta share hawaye, ta gyara riƙon wayar.

"Sannan wannan Jar Ƙofar da ake ta yi miki barazana da ita," Kaka ta ci gaba, "mu goma sha biyu muka kafa ta, a ɗakin haya a saman kantin magani. Ƙofar da kike gani, kakanki ne ya yi mata fenti, lokacin yana bakanike, hannu duk baƙin mai. Uwarki ta tashi ta tarar da gini, shi ya sa ta manta."

"To me zan rubuta, Kaka?"

"Oho! Ni na rubuta nawa shekara hamsin da suka wuce."

Ta ɗauki biro ta rubuta. Ko bayan ta miƙa katin ba ta tabbata ta yi daidai ba.

Ranar Asabar aka zaunar da su a filin wasa, kowace a kan ambulan ɗinta kamar yadda aka saba. Aka ƙirga daga goma zuwa ɗaya, aka buɗe ambulan, wuri ya kaure da ihu, kowa ta ruga gidanta. Marlee ta wuce Jar Ƙofa a guje, ta ga Corinne tsaye a matakala da furanni da ɗan akwatin nan, tana ta leƙen fuskoki.

A bakin rumfa Imani ta rungume ta. Can gefe, jikin wata bishiya, ga Dalton da hula a hannu, yana duba agogo.

"Sha biyu ta wuce?" ya ce. "An yarda in gan ki yanzu?"

"Mugu! Ko saƙo ɗaya!"

"Sori mana. Wallahi ranar Laraba saura kaɗan mota ta buge ni, don na kasa ganin gabana."

Tana dariya tana kuka lokacin da Corinne ta iso, Kaka Opal na biye da ita da sanda.

"Marlee! Rumfa? Rumfa kika zaɓa? Me zan ce wa mutane?"

"Ki ce ta gado ni," in ji Kaka. "Kuma ki dubi yaron nan. Ƙarya kika yi masa, ya riƙe miki alkawari kwana shida. Cikin 'yan tsallaken titin naki, wa zai iya?"

Corinne ta juya ta tafi. Wata biyar ba ta ɗaga wayar 'yarta ba. Marlee ba ta fasa kira duk Lahadi ba, Dalton kuma bai fasa zuwa gaisuwa ba, ko da a bakin ƙofa za a bar shi.

Shekara uku bayan haka 'yan rumfa suka samu gidansu. A taron wata Lahadi aka kunna kyandir aka zagaya da shi hannu zuwa hannu, alamar an yi wa wata baiko. A zagaye na uku ya iso hannun Marlee, ta hure shi, ɗaki ya ɗauki guɗa. Corinne na cikin iyayen da aka gayyata. Ta taso, ta miƙa wa Dalton gwangwanin fenti da buroshi.

"Na ga ƙofarsu ba ta da launi," ta ce. "Ka yafe mini, ɗana."

Darasin dai a fili yake. Iyaye su tuna gidan da suke alfahari da shi ma daga ƙanƙani ya fara, kada su sayi sunansa da farin cikin 'ya'yansu. Matasa kuma su yi haƙuri da iyaye ba tare da rashin kunya ba, kamar yadda Marlee da Dalton suka yi har Corinne ta sauko da kanta.