Jaket Ɗin Husna

A wata kwalejin 'yan mata da ke Talata Mafara, al'ada ce kowane aji mai fita ya ɗinka jaket mai launin da ya zaɓa, sunan kowace yarinya a bayanta da zare. Wadda ta rasu kafin fita ma ana ɗinka mata, a kai wa uwarta a ninke. A ninke, na ce. Ba a sawa. Amma yaran yanzu sai ka ba su dalili.

Da damina Husna ta faɗa kanal ɗin noman rani, ruwa ya ci ta. Aminiyarta Mufida ko hawaye ba ta yi ba. Tana ci, tana shiga aji, kamar itace. Ita aka ba jaket ɗin ta kai wa uwar Husna a ƙauyensu, Tsibiri.

Gab da magariba mai mashin ya sauke ta, ya ce taɓo ba zai bar shi ya shiga ba. Ta bi gefen kanal da ƙafa. Ana yayyafi, sanyi na ratsa hijabi, tata jaket ɗin kuma ta baro a makaranta. Ba ta yi wani tunani ba. Ta warware ta Husna ta sa.

Kwaɗi suka yi tsit.

Ƙamshin sabon yadi ya gushe, warin laka ya taso daga wuyan rigar. A bayanta ta ji taku, caɓal, caɓal.

Ta waiga. 'Yan mata ne a jere, kowace da jaket. Kore, ja, har da ruwan ƙasa da aka daina tun zamanin iyayenta. Duk suna ɗigar ruwa. Hijabi ya rufe fuskokinsu.

"Husna," in ji ta gaban layin, a hankali. "Kin makara. Taho mu tahi."

Ƙafafun Mufida suka nufi ruwa da kansu. Ko tsoro ba ta ji ba.

Ta ƙarshen layi ba ta da jaket, sai rawar sanyi take. Ta matso kusa da kunnen Mufida.

"Ke Mufida, tuɓe. Suna suke karantawa, ba su duba huska."

Zif ya ƙi. Ruwa ya kai gwiwa.

Ya kai ƙugu.

Mufida ta ja Ayatul Kursiyyu, ta fizge rigar ta ka. Wani hannu mai sanyi ya karɓe.

Da rarrafe ta fito. Ana sallame sallah ta faɗa gidan su Husna, laka har ƙirji.

"Ɗiyata, ina rigar?" in ji uwar Husna.

"Mai ita ta amsa, Inna."

Inna ta dube ta, ta ɗauko zane ta lulluɓa mata.

Tun daga shekarar, rigar mamaciya ana ɗinke bakin hannuwanta kafin a aika. Mufida ta yi aure a Bakura, lafiya lau. Sai dai mijinta kan kira ta har ya gaji ba ta ji ba. In kuwa wata ta ƙwala wa 'yarta Husna kira a kasuwa, ita ke fara waigawa.