Muryar da Muttaka Ya Sayar

Ranar wata Laraba ce, da la'asar sakaliya, rana ta yi ja ta kwanta bayan katangar gidan Muttaka a Talata Mafara. Matarsa Husaina tana tuƙa tuwo a madafa, 'yarsu Zahra'u tana kwashe shanya daga igiya. Shi kuwa yana zaune bisa tabarma a ƙofar ɗaki, kwamfuta a cinya, yana duba aikin yini. Sai dutse ya faɗo bisa kwanon ɗaki.

Duk suka ɗaga kai. Na biyu ya faɗa cikin randa, ruwa ya fantsama. Na uku ya sauka daidai gaban Zahra'u, a hankali, kamar da hannu aka ajiye shi. Husaina ta sunkuya ta taɓa, ta janye yatsa da sauri. Dutsen baƙi ne ƙirin, da zafinsa, kamar yanzu aka zaro shi daga murhu. Muttaka ya fita lungu, ya zagaya bayan gida, bai ga kowa ba sai akuyar maƙwabta tana tuƙa. Da ya dawo ya tarar kaji sun shige akurki tun lokaci bai yi ba, gidan ya yi tsit.

Sana'ar Muttaka sabuwa ce a garin. Manhaja yake haɗa wa masu shaguna da ƙirƙirarriyar basira, wadda ke amsa saƙon masu saye a waya, ta karɓi oda, ta faɗi ranar da kaya za su iso, mai shago yana can yana harkarsa. Da farko ba ta karɓu ba, domin yawancin masu sayen manoma ne, ba su rubutu sai saƙon murya, kuma da sun ji baƙuwar Hausa sai su kashe waya. Nan Muttaka ya tuna da 'yarsa. Zahra'u shekarunta sha takwas, muryarta mai sanyi ce, gaisuwarta cikakkiya irin ta mutanen da. In na'ura ta koyi muryarta, wa zai kashe waya?

Sai dai murya ba ta ɗaukuwa a cikin gari saboda hayaniya. Ga injin niƙa, ga babura, ga janareta. Don haka, a wani ɗan lokaci da hanya ta lafa, ya goya ta a babur zuwa Damaga, gidan mahaifinsa, wanda shekara uku ke nan babu kowa cikinsa tun da 'yan bindiga suka watse unguwar. Husaina ta hana, bai ji ba. A cikin tsohon soro mai kaurin bango Zahra'u ta yini tana karanta layuka: "Maraba da zuwa. Bismillah, shigo. Mi kake buƙata? Muna nan, ba mu tafiya." Magariba ta riske su ba su gama ba.

Aiki ya yi kyau. Cikin wata bakwai shaguna goma sha ɗaya suka saya, daga masu taki da iri a Bakura zuwa masu casar shinkafa a Maradun.

Bayan jifan farko, kowace yamma sai an yi. Da rana ta karkata sai duwatsu su fara sauka, ba su taɓa kowa, amma kullum kusa da Zahra'u. Daga nan aka fara jin sallama a zaure, muryar tsoho, a fita ba a ga kowa ba. Yarinyar ta rage cin abinci. Takan zauna ta fuskanci bango, leɓɓanta suna motsi, in uwarta ta kira ta sai ta waiwayo a hankali kamar wadda aka taso daga nesa.

Rana ta shida, da hantsi, Alhaji Falalu mai shagon taki a Bakura ya bugo waya. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba.

"Muttaka, mi ka sa ma abin nan naka? Mutane sun fara tsoron shagona. Bari in tura maka ka ji."

Saƙon wani manomi ne yana tambayar buhun taki. Amsar ta zo da muryar Zahra'u, mai sanyi kamar kullum: "Maraba da zuwa. Shigo. Duk sun gudu, wuta ta ci rumbu, ni kaɗai ni rage." Muttaka ya bincika manhajar ciki da bai, babu inda aka rubuta wannan magana. Bai gaya wa Husaina ba.

Da yammar ranar, ladan na ɗaga murya, Zahra'u ta yanke jiki ta faɗi a tsakar gida. Da suka tallabo ta sai ta ture su su biyu da hannu ɗaya, ta zauna ta tanƙwashe ƙafafu irin zaman dattawa, ta dubi ubanta da idanun da ba nata ba.

"Mai gida," in ji wata murya mai kauri daga bakinta, "an yi mani maraba, ga ni na taho."

Husaina ta dafe ƙirji tana salati. Washegari da sassafe Muttaka ya hau babur ya nufi Bakura wurin Malam Hashimu, wani dattijo masanin Alƙur'ani da aka sani da ruƙiyya. Malam ya saurare shi har ƙarshe, ya tambayi abu ɗaya kawai: "Da kunka shiga gidan, kun yi sallama? Kun ambaci Allah?" Muttaka ya sunkuyar da kai.

Bayan la'asar suka iso. Malam ya sa aka shimfiɗa tabarma a inuwar ɗaki, Husaina ta riƙe 'yarta ta baya, ya zauna nesa kaɗan ya fara karatu. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ba ta yankewa. Inuwa ta yi ta tsawo. Duwatsu suka fara sauka bisa kwano, ɗaya bayan ɗaya, sannan suka tsaya cak. Jikin yarinyar ya ɗauki rawa, ta saki wani nishi mai tsawo.

"Bari, Malam, kana ƙona ni."

"Wane ne kai?"

"Tsoho ne ni. Cikin rumbun gidansu nike tun kakan wanga mutum yana goye. Ban taɓa cutar kowa ba."

"To mi ya kawo ka jikin ɗiyar mutane?"

"Masu bindiga sunka zo, sunka sa wuta. Mutane sunka watse. Shekara uku ba hayaƙin tuwo, ba kukan jariri, ba mai sallama. Rannan sai ga ta cikin soro, tana ce mani maraba, shigo, muna nan ba mu tafiya. Sau ɗari ta faɗa. Na biyo su. Har yau ba ta daina kira ba, Malam. Ina jin ta a Bakura, ina jin ta a Maradun, safe da yamma."

"Ba da kai take ba. Na'ura ce ke magana da masu sayen kaya."

"Ni ban san na'ura ba. Murya na sani."

Malam ya ci gaba da karatu har muryar ta koma kuka. Ta ce a yanka mata baƙin bunsuru ta tafi. Malam ya ce yanka na Allah ne shi kaɗai, ko ɗan tsako ba za a ba ta ba. Ta ce to a bar ta ta riƙa zuwa ranar Laraba kawai. Malam ya ce ko ƙiftawar ido.

"To abu biyu," in ji muryar. "A daina kira na. Kuma a bar mani gidan, kada kowa ya sake takawa."

Malam ya juya ya dubi Muttaka. "Waɗannan ba nawa ba ne, naka ne."

Muttaka ya tuna Damaga. A gidan nan aka haife shi, a bayansa kabarin mahaifinsa yake, kullum yana gaya wa kansa in ƙasa ta zauna zai koma ya gyara. Muryar kuma ita ce abincin gidansa. Husaina ta ɗago ido jajir ta dube shi.

"Baban Zahra'u, mi kake jira?"

Ya jawo kwamfutar. Ya buɗe inda muryar take, ya goge ta, ya goge ainihin abin da suka ɗauka a soro, ya rufe manhajar duk shagunan. Aikin wata bakwai bai ɗauki minti biyu ba.

"Na goge," ya ce. "Gidan kuma na bar shi."

Yarinyar ta karkata kai kamar mai sauraren wani abu daga nesa. "Awo," in ji muryar a hankali. "Ta yi shiru." Malam ya sa aljanin ya yi alkawari da sunan Allah, ya umarce shi ya fita ta ɗan yatsan ƙafa. Ƙafar hagu ta miƙe, ta yi rawa, ta saki. Zahra'u ta yi atishawa sau uku ta sulale jikin uwarta. Wata iska mai warin toka ta bi ta zaure ta fice.

Ba a sake jifa ba. Muttaka ya bi shagunan ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri, ya sa wa manhajar muryarsa shi kansa. Manoma suka riƙa kashe waya. Alhaji Falalu ya ce shi ya haƙura da abin gaba ɗaya, labari kuma ya riga ya zaga kasuwa. Shaguna uku suka rage masa.

Zahra'u ta warke, tana ci, tana salla, tana taya uwarta aiki, amma magana ta ƙaurace mata. In an yi sallama sai ta tashi ta shige ɗaki. Sai bayan kusan wata biyu, wata safiya tana tsintar shinkafa a faifai, uban ya zo ya durƙusa gabanta.

"Ɗiyata, ki yafe mani. Ban san abin da ke cikin gidan ba."

Da ta buɗe baki, muryar ta fito a shaƙe, da ƙyar ya ji ta.

"Baba, na faɗa maka. Da rana ta faɗi na ce akwai wani tsoho tsaye bayanka. Ka ce in ƙarasa layin tukuna."

Ta ci gaba da tsintar shinkafarta. Muttaka ya zauna a ƙasa inda yake.